Babu teku a Gombe, to ta yaya za a koyar da ilimin ruwa da tarihin jirage?

"Assalamu alaikum Malam. Ni malamar Bayoloji ce a wata sakandare a nan Gombe. Na ga wani shiri a talabijin inda ake ɗaukar ɗalibai a Amurka a kan tsofaffin jiragen ruwa na tarihi, suna koyon ilimin halittun teku da tarihin sufurin ruwa a lokaci guda. Abin ya burge ni ƙwarai. Sai dai mu nan ba mu da teku, yawancin ɗalibaina ko kwalekwale ba su taɓa shiga ba. Akwai abin da za mu iya kwaikwaya, ko dai in haƙura da zane a allo?"

Wa alaikumus salam Malama, Allah ya saka da alheri. Idan na fahimce ki, abu biyu kike son sani: me ake yi a kan waɗancan jiragen da har darasi yake zama a kan yara, sannan ko za a iya samun irin wannan amfanin a garin da tekun da ya fi kusa da shi yake can kudancin ƙasar nan, tafiyar ɗaruruwan kilomita. Za a iya, kuma ba sai da kuɗi masu yawa ba. Amma akwai wuraren da zan ja miki kunne, musamman kan sanya yara cikin tsohon jirgi.

Abin da suke yi a can

Ɗaya daga cikin sanannun jiragen shi ne Clearwater, wanda yake kai da komo a kogin Hudson na jihar New York. An saka shi a ruwa a 1969, kuma shi kansa kwaikwayo ne na jiragen dakon kaya masu tafiya da iska da suka yi aiki a kogin a ƙarni na 18 da na 19. Waɗanda suka ƙera shi sun yi haka ne a lokacin da dagwalon masana'antu ya ɓata kogin, suna son mutane su dawo su dube shi da idonsu. Akwai kuma Adventuress, wanda aka ƙera a 1913, yana ɗaukar ɗalibai a mashigin Puget da ke jihar Washington. Tsarin darasin kusan iri ɗaya ne. Yara su haɗu su ja igiya su ɗaga ƙyallen da iska ke turawa, a jefa taru a jawo kifi a zuba a baho, sannan a raba su rukuni-rukuni: waɗannan suna duba kifin, waɗancan suna auna ruwa, wasu suna riƙe da sitiyari suna duba taswira, wasu suna jin labarin mutanen da suka yi aiki a irin wannan jirgi. Bayan ɗan lokaci a yi musanya.

Ki lura da wani abu da shirye-shiryen talabijin ba su cika nunawa ba. Da yawa daga cikin jiragen tarihi mafi daraja ba sa fita da yara ko'ina. Charles W. Morgan, jirgin farautar whale, wato ƙatuwar dabbar teku mai kama da kifi, da aka ƙera a 1841, yana ɗaure ne a gidan tarihi na garin Mystic a Amurka. Cutty Sark, wanda ya yi dakon ganyen shayi daga Sin tun bayan ƙera shi a 1869, yana kan tudu a Greenwich ta Landan. Ɗalibai suna shiga su taɓa katako, su ga inda matuƙa ke kwana, su fito ba tare da jirgin ya motsa ba. Wannan shi ya fi kama da abin da zan ba ki shawara.

Dalilin da darasin ke kamawa shi ne tsohon jirgi ba ya ɓoye yadda yake aiki. Jirgi mai inji ka murɗa makulli ya tashi, yaro bai ga komai ba. Jirgin da ake turawa da iska ko da sanda kuwa dole ka san daga ina iska take, ina ruwa ya yi zurfi, nawa ne nauyin da ka ɗora. Kimiyyar a fili take, tarihin kuma yana jikin katakon. Kwalekwalen masuntanmu yana da wannan siffa cif.

Tarihin da ke ƙofar gidanmu

Kada ki ɗauka sai an tafi Turai ake samun jirgin tarihi. Jirgin ruwa mafi tsufa da aka taɓa ganowa a Afirka yana maƙwabciyarmu Yobe. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya kusa da ƙauyen Dufuna a ƙaramar hukumar Fune ya ci karo da katako a ƙarƙashin ƙasa. A 1994 masana daga Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Frankfurt ta Jamus suka tono shi, sai ga kwalekwale mai tsawon fiye da mita 8, sassaƙaƙƙe daga itace guda na dangin maɗaci. Gwaji ya nuna shekarunsa sun kai wajen 8,000, wato yana cikin 'yan ƙalilan mafi tsufa a duniya baki ɗaya. An kai shi Damaturu. Wurin da aka same shi yana kusa da kogin Komadugu Gana, wanda mutanen Bauchi suka sani da kogin Misau. Abin da ya fi ɗaukar hankalina game da shi shi ne kyan sassaƙarsa: bakinsa siriri ne mai tsini, jikinsa ba kauri. Wanda ya yi wannan aikin ya gaji sana'ar ne daga wasu da suka riga shi, kuma da gatarin dutse ya yi. Ki tsayar da yaro gaban masassaƙi yana aiki da gizagon ƙarfe, ki tambaye shi kwana nawa zai ɗauka da dutse, kin gama shigar da shi tarihi.

Gongola ma tana da nata labarin. Gombe Abba, hedkwatar farko ta masarautar da Buba Yero ya kafa, a bakin wannan kogi take. A farkon zamanin Turawa, idan ruwa ya cika ana hawo da kaya ta Binuwai a shigo Gongola har Nafada, daga nan a ɗora wa dabbobi da 'yan dako zuwa Barno. A 1913 aka mayar da hedkwatar masarauta Nafada, kafin a dawo da ita Doma, wato Gomben yanzu, a 1919. Kafin wannan, a 1854, jirgi mai tururi Pleiad ya hau Binuwai ƙarƙashin wani likita ɗan Birtaniya mai suna William Baikie ya dawo ba wanda zazzaɓi ya kashe, saboda kwinin da suke sha kullum. Ga Bayoloji da tarihi sun haɗu a wuri ɗaya: maganin zazzaɓin cizon sauro ne ya buɗe wa jiragen Turawa kogunanmu, kamfanonin ciniki suka biyo, mulkin mallaka ya biyo bayansu.

Idan kuma teku ake so lallai, kakanninmu alhazan ƙafa sun san shi. Sukan ratsa Chadi da Sudan, wani lokaci shekaru suna tafe suna noma a hanya, su isa Suwakin su haye Bahar Maliya zuwa Jidda a jiragen katako. Da wuya a rasa ɗalibi ɗaya a ajinki da ke da irin wannan labari a gidansu. Ki sa su tambayo. Haka nan Budumawan tafkin Chadi suna ɗaure ciyawar ruwa su yi jirgi, kuma maƙera daga tafkin Chadi ne suka haɗa jirgin ciyawa mai suna Ra wanda wani mai bincike ɗan ƙasar Norway, Thor Heyerdahl, ya gwada tsallaka Atlantika da shi a 1969.

Teku ya taɓa kwanciya a nan

Wannan ne abin da ya fi ba ɗalibai mamaki duk lokacin da na faɗa musu. Dutsen da ake haƙa a Ashaka ana yin siminti da shi, a ƙarƙashin teku ya taru. Masana ilimin duwatsu sun nuna cewa kimanin shekaru miliyan 90 da suka wuce wani teku mara zurfi ya malalo ta kwarin Binuwai ya ratsa inda Sahara take a yau. Shaidarsa tana nan: bawon wasu halittun teku masu naɗi kamar ƙahon rago, waɗanda suka ƙare tun tuni suka zama dutse, ana samunsu a duwatsun Ashaka da na yankin Pindiga. Sunan Pindiga ma shi aka laƙaba wa wani rukunin duwatsun a littattafan ilimin ƙasa. Ki nemi guda ɗaya a sashen ilimin duwatsu na jami'a, ko ki rubuta takarda ki nemi izinin ziyara. Yaron da ya riƙe wannan a hannunsa ba zai sake cewa teku abin mutanen Legas ne ba.

Ruwan saman da ke cika Gongola ma daga tekun Atlantika iskar damina take ɗauko shi. Ya zuba a tsaunukan Jos inda kogin ya faro, ya gangaro ta Bauchi da Gombe, ya shiga Binuwai a Numan, ya haɗu da Neja a Lakwaja, ya koma inda ya fito. Ledar ruwan da aka yar a magudanar Gombe tana kan wannan hanyar.

Yadda nake tsara ranar

Wurin da ya fi dacewa da ke shi ne madatsar ruwa ta Dadin Kowa a Yamaltu/Deba, wadda aka kammala a 1984, tafiyar da ba ta kai kilomita 40 ba daga cikin gari. Na kudancin jihar suna da Balanga, na Bauchi suna da Gubi. A shekarun da na yi ina koyarwa, da kuma aikin da na yi daga baya tare da masunta, tsarin da na ga ya fi amfani shi ne a yi mafi yawan darasin a gaɓa, a kan tsohon kwalekwalen da aka jawo tudu. A kowace mashaya za ki tarar da irinsa a kife, ya sha faci da kwalta da tsumma da gwangwanin da aka buɗe aka buga da ƙusa. Shi ne jirginki na tarihi. Mai shi ya zauna ya faɗi inda aka sassaƙa shi ko aka haɗa katakonsa, wane itace ne, me ya sa yanzu aka koma katako maimakon gungume guda. Amsar takan kai ku ga ƙarancin manyan itatuwa, kin ga darasin sare daji ya shigo da kansa.

Darasin da na fi so shi ne na lodi. A sami kwalekwale mai lafiya a ɗaure shi a inda ruwa bai wuce gwiwa ba, ba kowa a ciki. Masunci ya ja layi da alli a inda ruwa ya tsaya a jikinsa. Sai a riƙa ɗora buhunan yashi waɗanda aka auna nauyinsu, bayan kowane biyu a sake jan layi, yara suna rubutawa. Za su ga tazarar da ke tsakanin ruwa da bakin jirgi tana raguwa. Idan ta rage kamar tsawon tafin hannu, sai a tura buhunan gefe guda, ko a girgiza jirgin kaɗan kamar igiyar ruwa ta buge shi. Ruwa zai leƙo ciki, kuma za ki ji ajin ya yi tsit. Daga nan ki kawo ƙa'idar Archimedes, cewa jirgi yana ture ruwa daidai nauyinsa. Ki kuma ba su labarin Samuel Plimsoll, ɗan majalisar Ingila da ya yi ta faɗa da masu jiragen da ke cika lodi matuƙa suna halaka, har aka yi doka a 1876 cewa a zana layin iyakar lodi a jikin jirgi. Har yau kowane babban jirgin kaya yana ɗauke da wannan alama, kuma layin ruwan daɗi daban yake da na ruwan gishiri, domin ruwan gishiri ya fi nauyi, ya fi ɗaga jirgi. A darasi ɗaya kin koyar da Fiziks da tarihi, kin kuma ba su abin da zai iya ceton ransu ranar da wani zai ce su matsa a ƙara mutum biyar.

Aune-aunen ruwa ba sa buƙatar kayan waje. Murfin bokitin fenti mai faɗin santimita 20, a raba shi huɗu a shafa fari da baƙi, a huda tsakiya a ɗaura igiya da ɗan ƙarfe mai nauyi a ƙasa. Ana sauke shi a hankali har ya ɓace wa ido, a auna tsawon igiyar da ta nutse. Wannan shi ne faifan Secchi, kuma tun 1865 ake amfani da irinsa a teku. Da damina za ki ga ya ɓace nan da nan saboda laka, da rani ya yi nisa. Tambayar da za ki jefa musu ita ce daga gonar wa wannan lakar ta fito, kuma ina za ta kwanta. Don kama ƙananan halittu, ƙyalle mai laushi sosai a ɗinka shi kamar mazurari, a ɗaura ƙaramar kwalba a ƙarshensa, a ja shi cikin ruwa na 'yan mintuna. Abin da ya taru a kwalbar ki kai shi ƙarƙashin madubin ɗakin gwaji a ranar, kafin su mutu. Su ne abincin ƙananan kifi a dam, danginsu kuma su ne tushen abincin kusan duk abin da ke cikin teku.

Kifi kuwa a saya a hannun masunta da sassafe. Karfasa, tarwaɗa, kurungu, ragon ruwa, in an yi sa'a giwan ruwa. Ki sa yara su kwatanta bakin kowanne su faɗi abin da yake ci da inda yake zama: mai gashin baki da ido ƙanana na ƙasa ne, cikin duhu da laka yake kiwo. Tarwaɗa tana daɗewa a waje ba ta mutu ba domin tana da wata gaɓa a kanta da take shaƙar iska da ita. Gaiwa tana shiga laka ta yi watanni idan ruwa ya ƙafe. Uwar karfasa a bakinta take renon ƙwai. Masuntan sun san duk wannan tun suna yara, sun ma fi mu sanin lokacin da kowane kifi ke ƙwai. Abin da na saba yi shi ne in bar masunci ya yi bayani da nasa harshen, ni kuma in ɗora sunan da ke cikin manhaja a kai. Haka ma kayan aikinsu, birgi da kalli da mamari da gura: a auna idon taru da rula, a tattauna abin da zai faru da dam idan kowa ya koma taru mai ƙananan ido.

Maganar shiga ruwa

A nan ne zan yi tsauri. A ƙarshen Nuwamba 2021 jirgi ya kife a dam ɗin Watari da ke Ɓagwai a jihar Kano, mutane aƙalla 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya. Allah ya jiƙansu. Kusan duk irin waɗannan haɗurran abu uku ne ke haɗuwa: lodi fiye da kima, tsohon jirgi, da rashin rigar kariya. Waɗancan jiragen na Amurka da kika gani, hukuma tana duba su a kai a kai, an ƙayyade adadin mutanen da za su ɗauka, akwai rigar kariya ta kowa. Tsufansu na tarihi ne, amma katakon da ya ruɓe an canja shi.

Saboda haka tsohon kwalekwale na tudu ne. Idan za a shiga ruwa, a nemi jirgi mai lafiya wanda Sarkin Ruwa ya amince da shi da matuƙinsa, a ɗauki rabin abin da ya saba ɗauka, kowane yaro da rigar kariya daidai jikinsa a ɗaure, ba ta manya da za ta zame ta kansa ba. Wani jirgin ya tsaya kusa ba kowa a ciki sai gwanayen iyo. A fita da safe kafin iska ta taso, kusa da gaɓa, nesa da bakin madatsar, kuma kada a kuskura da damina lokacin da hadari ke haɗuwa cikin minti kaɗan. Akwai dorina a ruwan Dadin Kowa, masunta sun san wuraren da take, a bi maganarsu. Ga 'yan mata, dogon hijabi yana jiƙewa ya yi nauyi ya naɗe hannu, don haka a sa gajere a cusa shi cikin rigar kariya, kuma malama mace ta kasance tare da su. Takardar amincewar iyaye, izinin shugaban makaranta da na hukumar da ke kula da dam ɗin, duk a same su a rubuce. Idan rigunan ba su samu ba, a fasa shiga, darasin gaɓa ya wadatar. Ni malamin kimiyya ne, hukuncin ko jirgi zai iya ɗaukar mutane na masu sana'ar ne da jami'an hukumar kula da hanyoyin ruwa, kada ki ɗora wa kanki shi.

Wani haɗarin da ba a gani shi ne tsargiya. Ƙwayar cutar tana fitowa daga ƙananan katantanwa da ke cikin ciyawar gaɓa, ta huda fata ta shiga jiki. Kada yara su tsoma ƙafa, masu ɗibar ruwa su sa safar hannu ta roba ko su yi amfani da guga. Ki ɗebo katantanwar da cokali a kwalba ki nuna musu, darasi ne da ke cikin manhajarki.

Abin da dam ba zai ba ki ba

Akwai abubuwan da sai teku. Cikowa da janyewar ruwa da wata ke haddasawa sau biyu a yini a gaɓar Najeriya, murjani, dazukan bakin teku na yankin Neja Delta, manyan igiyoyin ruwa: waɗannan sai bidiyo da taswira. Gishirin teku za ki iya haɗa shi a aji, giram 35 a lita ɗaya ta ruwa. Ki sa masa kala ki zuba a hankali ta gefen kofin gilashi mai ruwan daɗi, za su ga ya nutse ya kwanta a ƙasa, wanda shi ne abin da ke faruwa a inda Neja ke shiga teku. Ki gaya musu gaskiya cewa abin da suke yi a Dadin Kowa ilimin ruwan daɗi ne, ɗan'uwan ilimin teku, kayan aiki da hanyar tunani ɗaya. Wanda abin ya shiga ransa, akwai cibiyar binciken kifin ruwan daɗi a New Bussa, cibiyar binciken teku a Legas, da makarantar horar da ma'aikatan jiragen ruwa a Oron ta Akwa Ibom. Yaranmu ba su cika neman waɗannan wurare ba, galibi don ba wanda ya taɓa ambata musu su.

Ta fuskar kuɗi, motar da za ta kai ku ita ce babban abin kashewa, sai kifin da za a saya da ɗan abin da za a ba masuncin da ya bar aikinsa ya zauna da ku. Wannan na ƙarshe kada a raina shi, malami ne a ranar, a biya shi. Kafin ki kai yara, ki je ke da wani malami ku gaida Sarkin Ruwa, ku zaɓi wurin tsayawa mai inuwa, ku ga jirgin da idonku. Aji ɗaya ya isa a tafiya ɗaya. Ki kuma tanadi littafi mai kauri da za a riƙa rubuta kwanan wata, zurfin da faifai ya ɓace, zafin ruwa, da irin kifin da aka gani, a wuri ɗaya kowane zango. Ajin bana su miƙa wa na baɗi, domin sai an jera awon shekara biyu ko uku kafin yara su fara ganin bambancin damina da rani a cikin lambobin da su da kansu suka rubuta.